Bas ɗin da ya cinye altaneta uku

Masu bibiyarmu sun san cewa kwanakin nan ba a aji muke ba. Mu uku jami'a ta tura horon sanin makamar aiki na SIWES, wanda hukumar ITF ke kula da shi, muka faɗa wani garejin manyan motoci a Kano, a ɓangaren masu gyaran wutar mota, waɗanda ake ce wa riwaya. Mun je da littattafanmu da girman kanmu. A satin farko maigidan wurin, wanda kowa ke kira Oga, bai ba mu komai ba sai buroshi da kananzir, ya ce mu wanke noti. "Injiniyoyi" yake kiranmu, kuma duk sanda ya faɗa sai yaran gareji su tuntsire da dariya. Labarin yau na wani bas ne da ya mayar da mu duka, da mu da su, kan darasin Fiziks ɗin da kuke yi yanzu.

Irin dogayen bas-bas ɗin nan ne da ke tashi daga Sabon Gari da yamma su kwana a hanya zuwa Legas, mai injin dizal a baya, mai ɗaukar fasinja sama da hamsin. A tafiyarsa ta ƙarshe, ana dab da Mokwa, jar fitilar batir ta kama a gaban direba, ƙaurin waya ya biyo baya. Direban dattijo ne, Baba muke ce masa. Ya kashe esi, fasinja suka fara guna-guni, ya lallaɓa har cikin gari, ya tsaya a ci abinci, ya kashe inji. Da aka dawo ya murɗa makulli, sai "ƙas" sau ɗaya, shiru. Ƙarfe ɗayan dare ne. Akwai mata da goyo, akwai 'yan kasuwa da kuɗi a jiki. Nan suka kwana har gari ya waye aka samo batura na aro. Baba ya ce abin da ya fi gode wa shi ne a cikin gari ya kashe injin, ba a dajin da ke gaba ba.

Wannan shi ne karo na uku cikin wata uku da altaneta ta ƙone a motar. Ta asali ta mutu, aka sa wata ta yi mako bakwai, aka sa wata kuma ta yi kwana 19. Kamfanin motar ya riga ya cire rabin kuɗin ta biyun daga albashin Baba, bisa zargin yana barin esi a kunne a tasha, ko kuma yana haɗa baki da makanikan hanya ana musanya kaya. An kuma faɗa masa cewa in ta sake, ya ajiye makulli. Ya zo mana da altaneta ta huɗu a cikin kwali, ya ce wa Oga, "Malam, kada ka ɗaura ta sai ka gano abin da ke cin su. Ina da iyali."

Kafin mu ci gaba, mece ce ma altaneta? Mutane da yawa sun ɗauka batir ne ke ba mota wuta. Aikin batir babba shi ne tayar da inji. Da zarar inji ya tashi, altaneta ce ke ciyar da fitilu, da fankoki, da rediyo, sannan ta mayar wa batir abin da ya kashe. Bel ne ke juya ta daga inji. A cikinta akwai dunƙulen ƙarfe mai naɗin waya da ke juyawa, wanda in aka ba shi 'yar wuta kaɗan ta hanyar burushi biyu na kabon sai ya zama maganaɗisu. Kewaye da shi akwai naɗe-naɗen wayar jan ƙarfe kashi uku da ba sa motsi. Maganaɗisu yana juyawa, wuta na haihuwa a cikin naɗin. Abin da Michael Faraday ya gano ke nan a Landan a shekarar 1831, kuma shi ne dai ke aiki a janaretan unguwarku da manyan injinan madatsar Kainji.

Sai dai wutar da ke fitowa mai kai-komo ce, batir kuwa ba ya karɓar sai mai tafiya hanya ɗaya. Saboda haka ake sa dayod, aƙalla guda shida, kowanne kamar ƙofar da ke buɗewa ta gefe ɗaya kawai. Samuwar ƙananan dayod na silikon ce ta sa altaneta ta kori tsohon dinamo. Kamfanin Chrysler na Amurka ya fara sa ta a motarsa Valiant a 1960. Idan dayod ya ƙone, wani lokaci sai ya zama ƙofa a buɗe, wuta ta riƙa komawa baya daga batir ko da an kashe inji. Abin da ya tsotse baturan Baba ke nan yana cin tuwo a Mokwa.

Abu na ƙarshe a ciki, kuma shi ne zuciyar labarin nan, shi ne wanda makanikai ke kira katawut. Ɗan ƙaramin mai gadi ne. Yana auna ƙarfin wuta a bakin altaneta. In ya ga ya yi ƙasa sai ya ƙara wa maganaɗisu wuta, in ya ga ya kai sai ya rage. A ƙaramar mota mai batir ɗaya na bolt 12, yana riƙe ƙarfin a wajen 14. Manyan motoci suna jera batir biyu su ba da 24, katawut ɗinsu kuma yana neman 28 da 'yan kai. Ku riƙe wannan da kyau: katawut bai san halin da batir ke ciki ba, abin da ya gani a inda yake aunawa kawai ya sani.

Bas irin na Baba yana da altaneta biyu, ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, kowace an rubuta mata amfiya 100. Dalili shi ne esi. Fankokin da ke hura sanyi a kan fasinja hamsin, da waɗanda ke kan rufi suna fitar da zafi, suna shan wuta sosai, ga fitilu, ga talabijin, ga cajar waya. Motocin asibiti da na kashe gobara ma sukan zo da biyu saboda irin wannan dalili. Dukansu biyu suna zubawa a wuri ɗaya, kuma manufar ita ce su raba kaya.

Karon farko da ta ƙone, babu wanda ya yi tambaya. Tsufa ne, aka ce, aka sayo tokumbo aka ɗaura. Da ta biyun ta bi sahu sai aka ce ai dama jabu ce, ko kuma ta gaji tun a ƙasar da ta fito. Aka sayo sabuwa dal a kwali, wadda kuɗinta ya fi albashin Baba na wata. A garejin da aka yi wannan aikin an duba batura ma, kuma an sami laifi na gaske. Wani ya jona 'yar siririyar waya a tsakiyar baturan biyu don ya sami bolt 12 na rediyo da cajar waya. Hakan na nufin batir ɗaya ne ke ciyar da su, alhali caji iri ɗaya ke ratsa su biyun. A hankali ɗaya ya riƙa zama da yunwa, ɗayan kuma yana dahuwa. Batir mai rauni yana iya gajiyar da altaneta, domin kullum yana neman caji bai ƙoshi. Aka cire wayar, aka sauya baturan, kowa ya ce an kama ɓarawo. Kwana 19 sabuwar ta yi.

Mu ma injiniyoyi mun kawo tamu shawarar, kuma ba za mu ɓoye muku ba. Muka ce ƙarama ce, a nemo mai amfiya 150. Oga bai yi musu ba. Ya miƙo mana alli ya ce mu rubuta a jikin ƙofar gareji duk abin da ke shan wuta a motar, mu tara. Muka bi fanka-fanka, fitila-fitila, muka tashi da abin da bai wuce amfiya 120 ba. "To, ɗari da ɗari nawa ne?" in ji shi. Muka ce ɗari biyu. "Jaki biyu, kowanne yana iya buhu goma, kayan buhu goma sha biyu ne. Ku faɗa mini yadda aka yi ɗaya ya mutu da gajiya." Yara suka yi dariyarsu, mu kuma muka yi shiru.

Daga nan ya juya wurin Baba ya yi tambayar da babu wanda ya yi cikin wata uku.

"Baba, wacce ce ke ƙonewa?"

"Ta sama."

"Duk sau ukun?"

"Duk sau ukun. Ta ƙasan nan ai 'yar albarka ce, tun da aka kawo motar ba ta taɓa ciwon kai ba."

Oga ya ce altaneta uku daga wurare uku, tsohuwa da tokumbo da sabuwa, ba za su haɗa baki su mutu a kujera ɗaya ba. In ciwo ya tsaya a wuri ɗaya ana ta sauya masu zama, to a binciki wurin. Muka fara da abin da ido ke gani da hannu ke taɓawa. Bel bai yi sako-sako ba, bai kuma ɗaure da yawa ba, domin mai sako-sako yana zamewa, mai tsananin ɗauri kuma yana cin boris. Fulin altanetocin biyu girmansu ɗaya, saboda haka gudunsu ɗaya. Babu mai da ke ɗiga a kan ta sama. Bututun hayaƙi bai matso kusa da ita ba. Muka buɗe wadda ta ƙone: boris lafiya, burushi da saura, amma naɗin jan ƙarfen ya yi baƙi ƙirin ko'ina, fentin da ke rufe wayar ya kwaɓe. Ba wuri ɗaya ya ƙone ba, duka ya dahu daidai wa daida, kamar naman da aka manta a kan garwashi. Oga ya shinshina ya ce wannan aiki ne ya kashe ta.

Muka kwance 'yar albarkar ma muka ɗora a tebur muka gwada. Lafiyarta ƙalau. Muka ɗauki mita muka auna wayoyin da ke tafiya daga kowace altaneta zuwa batir, mita ta yi ƙara a duka biyun, alamar hanya a buɗe take. Mu dai a wurinmu bincike ya ƙare, ba a sami komai ba.

Nan ne muka koyi abin da ya fi komai amfani a watannin nan. Ƙarar mita tana nufin akwai hanya, ba ta faɗa maka faɗin hanyar ba. Waya mai silli ɗari, ko da silli biyu ne suka rage a haɗe, mita za ta yi ƙara. Kuma ƙaramar mitar hannu ba ta iya ganin turjiya 'yar mitsitsiya, domin wayoyin mitar kansu suna da turjiyar da ta kai kashi ɗaya ko biyu cikin goma na ohm. Hanyar da za a kama irin wannan laifi ita ce a auna lokacin da wuta mai yawa ke gudu a ciki.

Aka ɗaura altaneta ta huɗu, aka mayar da ta ƙasa. Oga ya sa kowa ya cire zobe da agogo, ya naɗe hannun riga. Bolt 24 ba ya jan mutum, amma in sifana ta haɗa kan batir da jikin mota, tana iya yin ja nan take ta ƙone hannu, bel kuma in ya kama riga ba ya saki. Baba ya tayar da inji, ya taka shi zuwa wajen juyi 1,500 a minti, ya kunna esi da fitilu da komai. Oga ya ɗauko wata mita mai baki kamar filaya, wadda ake cafke waya da ita ta faɗi yawan wutar da ke gudu ba tare da an yanke komai ba. Ya cafki wayar ta sama: amfiya 95. Ya cafki ta ƙasa: amfiya 25.

Ashe kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wadda ake ta zagi ana sauyawa ita ce ke ɗauke da motar, wadda ake sa wa albarka kuwa tana hutawa. Amma me ya sa, tunda a tebur ta nuna lafiyarta lau?

Muka koma kan ƙaramar mita, muka juya ta wajen bolt. A kan batura 27.6. A bakin ta sama 27.8. A bakin ta ƙasa 28.4. Wato tsakanin ta ƙasa da batir, bolt 0.8 ya ɓace a hanya. Muka ɗora tsinken mita ɗaya a bakin altanetar, ɗayan a kan batir, muka ga 0.75 daga ciki a kan babbar jar waya yake zubewa, ragowar kuma a wayar da ke haɗe da jikin mota.

Yanzu ku ɗauko biro. A shekarar 1827 wani malamin makaranta Bajamushe, Georg Ohm, ya wallafa ƙa'idar da kuke haddacewa don WAEC da NECO: V = IR. In kuna neman turjiya, sai ku raba bolt da amfiya. Wayar ta ƙasa: 0.75 a raba da 25, ya ba da ohm 0.03. Wayar ta sama: 0.2 a raba da 95, ya ba da kusan 0.002. Kashi uku cikin ɗari na ohm ɗaya, abin da a takardar jarrabawa za ku ce ai sifili ne. Amma ya ninka na 'yar uwarta kusan sau 14, kuma shi ya ƙone altaneta uku.

Ga yadda abin yake. Ku ɗauka yara biyu ne ke tura ruwa cikin tanki ɗaya da famfon hannu, kowa da bututunsa, kowa da ma'auni a bakin famfonsa. An ce wa kowannensu: in allurarka ta kai 28.4 ka sassauta, in ta sauka ka ƙara ƙarfi. Bututun ɗaya ya toshe rabi. Da ya ɗan tura sai ruwa ya taru a bakin famfonsa, allura ta hau, sai ya sassauta. Ba ha'inci ya yi ba, abin da ma'auninsa ya faɗa masa ya bi. Ɗayan kuwa bututunsa a buɗe yake, saboda haka allurarsa tana nuna masa gaskiyar tankin, cewa bai cika ba. Sai ya yi ta turawa iya ƙarfinsa, ba hutu. Katawut ɗin ta ƙasa yana ganin 28.4, ya ce aiki ya kammala. Na ta sama yana ganin 27.8, bai taɓa kaiwa inda yake nema ba, don haka ya buɗe wa maganaɗisu wuta gaba ɗaya tun daga Kano har Legas.

Wani zai ce, to ai 95 bai kai 100 ɗin da aka rubuta mata ba. Haka ne, amma lambar da ke jiki ita ce ƙololuwar abin da za ta iya, ba abin da za ta yi ta yi awa goma sha ba tsayawa ba. Kuma in altaneta ta yi zafi, abin da take iya bayarwa raguwa yake. Ku tuna a bayan bas take, kusa da inji, cikin zafin bazara da ƙura, kuma a tasha ko cikin cunkoso inji na tafiya a hankali, fankarta ba ta samun gudun da za ta fifita kanta. Sannan akwai ƙa'idar James Joule na Ingila, ta farkon shekarun 1840: zafin da waya ke yi yana bin amfiya sau amfiya sau turjiya. Da an raba kayan daidai, kowace 60 za ta ɗauka, 60 sau 60 kuma 3,600 ne. Ita kuwa 95 sau 95 ya ba da 9,025. Wato zafin da ke cikin naɗinta ya ninka abin da ya kamata sau biyu da rabi. Kayan bai kai ninki biyu ba, zafin ya wuce ninki biyu. Wannan ɗan ƙaramin 2 da ake rubutawa a saman I, wanda wasunku ke mantawa a jarrabawa, shi ne bambancin.

Saura a gano inda 0.03 ɗin ya ɓuya. Oga ya sa aka bar injin ya yi minti goma, aka kashe, ya bi wayar da bayan hannunsa a hankali daga bakin altaneta. A wani lungu bayan inji, inda wayar ta ratsa ƙarƙashin wani ƙarfe, ya janye hannu da sauri. Akwai kumburi an naɗe da baƙin salatif. Da muka warware, sai ga tsohon gyara: an taɓa yanke wayar, wataƙila lokacin wani aikin walda, aka murɗa bakin biyu da hannu, aka cusa cikin guntun bututun jan ƙarfe aka buga da guduma. Ruwan wankin inji ya yi ta shiga. Ciki ya yi kore shar da tsatsar jan ƙarfe, sillayen da yawa sun karye, robar ta narke ta ƙame.

Lissafin zafin ya yi aiki a nan ma. Amfiya 25 sau 25 sau 0.03 ya ba da kusan wat 19, duk a wuri ɗaya da bai wuce tsawon yatsa ba. A nan ne kuma muka fahimci abin da ya ɗaure mana kai tun farko, wato me ya sa kowace sabuwar altaneta ke mutuwa da wuri fiye da ta gabanta. Duk sanda ta sama ta mutu a hanya, dole ta ƙasa ta ɗauki motar ita kaɗai. Ko da an kashe esi, a ce amfiya 50 ne ke bi ta wannan mahaɗa, 50 sau 50 sau 0.03 wat 75 ke nan, ya fi zafin tsohon ƙwan lantarki mai wat 60 da ba ka iya riƙewa da hannu. Kowace mutuwa tana ƙara gasa mahaɗar, turjiya ta ƙaru, sabuwar da aka ɗaura ta tarar da aiki ya fi na da. Da shawararmu ta mai amfiya 150 aka bi, da ta ɗan jima kafin ta mutu, mahaɗar kuma tana nan tana dahuwa kusa da bututun mai. Ba ma son tuna wannan.

Gyaran kansa bai ɗauki awa biyu ba. Oga ya ƙi yarda a sake haɗi, ya sa aka sayo sabuwar waya guda ɗaya mai kauri daidai da ta sama, tsawonta ma kusan ɗaya, aka matse zoben bakinta da injin matsa na gaske. Muka kankare duk inda wayoyin ƙasa ke kama jikin inji da jikin mota har ƙarfe ya yi ƙyalli. Ya kuma duba lambar katawut na biyun ya tabbatar iri ɗaya ne, domin ko da wayoyi lafiya suke, in ɗaya yana neman 28.5 ɗayan yana neman 28.0, mai neman sama shi zai ɗauki kusan duka kayan. Shi ya sa a wasu motocin ake jawo wa katawut biyun 'yar wayar aunawa daga wuri ɗaya, ko a sa ɗaya ya riƙa juya duka biyun. Aka sake tayarwa, aka kunna komai. Ta sama 64, ta ƙasa 56, batura 28.2. Ba daidai cif ba, kuma Oga ya ce kada mu sa ran ganin daidai cif. Kuɗin wayar bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin altaneta ɗaya ba.

Yaran gareji sun so su nuna wa Baba cewa caji ya dawo ta hanyar da suka saba gani, wato a zare kan batir inji na aiki, in bai mutu ba to altaneta na da rai. Oga ya daka musu tsawa. Muna roƙonku, in kun ga ana shirin yin haka a motar gidanku, ku yi magana cikin ladabi. Batir shi ke shanye tashin wuta. In aka zare shi altaneta na tsakiyar aiki, kafin katawut ya farga ƙarfin wuta yana iya yin tsalle na ɗan lokaci zuwa ninki da yawa, ya ƙone dayod, ko kwamfutar motar ma. Ƙaramar mita tana ba da amsar nan cikin daƙiƙa biyar ba tare da an zare komai ba. Haka ma jona batirin aro a juye, ko yin walda a jikin mota ba a cire batir ba.

Ba sai kun je gareji za ku ga irin wannan ba. Masu sola a gida da suka jera batura gefe da gefe, in wayar ɗaya ta fi tsawo ko bakinta ya yi tsatsa, ɗayan ne zai riƙa yin aikin, shi ne kuma zai fara mutuwa. Soket ɗin da ke ɗumi in an jona dutsen guga, shi ma amfiya sau amfiya sau turjiya ne ke magana. Ga aikin gida ga 'yan ajin kimiyya: a ce an bar mahaɗar nan har turjiyarta ta kai ohm 0.05, kuma amfiya 50 ke bi ta ciki. Bolt nawa zai zube a wurin, kuma zafin wat nawa za ta yi? Ku aiko da amsa tare da yadda kuka yi lissafin ta hannun editan wannan shafi, za mu duba.

Shi kuwa guntun wayar, Oga bai bari an jefar ba. Ya naɗe shi a tsohuwar jarida, ya sa muka yage takarda daga littafinmu muka rubuta awon farko da na bayan gyara da kyakkyawan rubutu, ya sa hannu a ƙasa, ya ce wa Baba, "Kai wa manajanku, ka ce ya shinshina." Yau mako shida ke nan motar na zuwa Legas tana dawowa. Ranar Asabar da ta wuce Baba ya biyo ta gareji da ledar lemo, muka cafki wayoyin muka ga 63 da 57. Makulli yana hannunsa. Kuɗin da aka cire masa kuwa, ya ce manaja ya karɓi takardar ya sa a durowa, ya ce ana dubawa.